Mayen Ƙarfe da Kwalin Taliya

Higashi-Osaka, 24 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Ruilan,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Gwaggo. Ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kuma gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi. Na san abin da za ki fara faɗa da kin ga rubutuna a bayan ambulan: “Yau kuma wace rana, Peishan ta tuna da mu?” Faɗi abinki, na cancanta. Shekara shida ke nan rabona da Ganzhou, tun jana'izar kakata, kuma a lokacin ke kika tsaya a kan komai, alhali kakarki da tawa 'ya'yan wa da ƙani ne kawai. Mu nan Japan lafiya lau. Maigidana Tetsuji jininsa ya ɗan hau. Surukata kuwa ta cika tamanin da uku, kuma har yau ita ke share ƙofar masana'antarmu da safe, wai mu ba mu iya ba.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, buƙata ce ta kawo ni. Kin san sana'armu, ƙananan injinan da ke juya tayar keken guragu mai lantarki. Mu bakwai ne a wurin har da ni, kuma kamfani ɗaya ne ke sayen kusan duk abin da muke ƙerawa tun zamanin mahaifin Tetsuji. Kowane inji yana cin mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, guda takwas, irin wanda ba ya mutuwa idan ya ɗauki zafi. To irin wannan ne aka ce daga wannan wata ba ya fita daga ƙasar Sin sai da lasisi. Dillalin da ke kawo mana ya zo ranar Litinin, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya ce bai san ranar da kaya za su sake zuwa ba.

Tsoho Onoe, wanda ya fi kowa daɗewa a wurinmu, ya duba abin da ya rage a ma'aji, ya ce zai kai mu ƙarshen Satumba. Masu keken kuma sun gaya mana, cikin ladabi irin nasu, cewa idan injinan Oktoba ba su je ba za su mayar da aikin wurin wani babban kamfani da ya tara kaya. Aikin nan idan ya tafi ba ya dawowa, kuma idan ya tafi mun rufe.

Jiya ina kwashe kwalaye sai idona ya faɗa kan sunan kamfanin da ya yi mayen ƙarfen. Yaya, naku ne. Shekara nawa ina taka kwalayen nan ban taɓa karantawa ba. Na tuna kin ce a ofishin takardun fitar da kaya kike. Ki gaya mini abin da za mu yi, don ni dai kaina ya kulle.

Ƙanwarki,
Peishan


Ganzhou, 8 ga Mayu

Ƙanwata Peishan,

Takardarki ta iso, na karanta wa Inna sau biyu saboda kunnenta ya yi nauyi. Ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina gudun agwagwa kamar da. Gwiwa tana nan, in an yi ruwa ta kumbura, in rana ta fito ta lafa. Ni lafiyata ƙalau, sai idanu da takardu suka cinye.

Da na ga ambulan na ce wa Inna, “Ko dai mutuwa aka yi, ko ana neman wani abu.” Ta ce in rufe bakina. To tunda ba mutuwa ba ce, da sauƙi.

Kin yi dabara da kika rubuto a takarda zuwa gida. Ki ci gaba da haka, kada ki kira ni, kada ki turo saƙo ta waya. An tara mu an ce kada kowa ya yi hirar aiki da mutanen waje ta wayarsa. Abin da zan gaya miki ba sirri ba ne, yana manne a allon sanarwa, amma ba na son yawan tambaya.

Masu ba da lasisi so suke su san inda kowane ɗan ƙarfe zai kwana. Ku ɗauki hoton masana'antarku ciki da waje, da hoton injin a buɗe yadda za a ga gurbin mayen. Ku rubuta sunan wanda ke saye a hannunku da abin da yake yi da shi. Sai takardar alkawari cewa ba makami za a yi da shi ba kuma ba za ku sayar wa wani ba, da hatiminku a ƙasa. Ku ba dillali, shi zai kawo mana, mu kuma mu kai gaba. An ce kwana arba'in da biyar na aiki ake jira.

Ki ji ni da kyau a nan. Ba ku kaɗai ba ne. Masu ƙera motoci a Jamus, masu na'urar sanyaya ɗaki a Koriya, kowa kuka yake, takardu sun hau teburina har ba na ganin wadda ke zaune a gabana. Ba ni da ikon tura taku gaba, kuma ko ina da shi ba zan yi ba. Abin da zan iya shi ne in duba kada a sami kuskuren da zai sa a dawo da su, don wanda aka dawo da nasa ƙarshen layi yake komawa. Shekara goma sha tara ina kan teburin nan, ba a taɓa dawo da takardar da ta bi ta hannuna ba.

Sai abu ɗaya. Kada ku aiko mini da komai, ko allura.

Yayarki,
Ruilan


Higashi-Osaka, 26 ga Mayu

Yaya Ruilan,

Ina gaishe ku, ke da Gwaggo. Ki gaya mata har yanzu ina gudun agwagwa, sai dai a nan a faranti kawai nake haɗuwa da ita. Muna lafiya, in ban da barci da ya ƙaurace wa maigida.

Ki yi haƙuri da jinkiri, ba laifina ba ne. Hotuna a rana ɗaya muka gama. Tsoho Onoe har da ɗaura laktaye a kan rigar aiki, surukata kuma ta nace sai ta tsaya a bakin ƙofa, wai su san gidan mutunci ne. Sunan masu keken ne ya cinye mana mako biyu.

Na ce, “Maigida, suna ne fa kawai, ga shi nan a rubuce a jikin kowane keke.”

Ya ce, “Shekara arba'in babana bai taɓa ambatar sunansu a gaban baƙo ba. Ni ne zan aika da shi wata ƙasa ban tambaye su ba?”

Na ce, “To ka tambaye su a waya mana.”

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. Haka ya sa kwat ya hau jirgin ƙasa, sau uku. Zuwan farko suka ce za su duba. Na biyu mai hatimin ya yi tafiya. A na uku ya dawo da takarda mai hatimi bakwai, yana riƙe da ita kamar jariri. Ina son mutumin nan, Yaya, amma ran nan na so in jefe shi da buta.

Unguwar nan ta yi sanyi. Maƙwabtanmu masu yin famfo sun koma aiki kwana uku a mako, su ma mayen ƙarfe suke jira. Da can hayaniyar injina ce ke hana ni jin rediyo, yanzu har kukan tsuntsu nake ji da rana tsaka, kuma ba ya yi mini daɗi. Ma'aikatanmu ba sa tambaya, amma kowa in ya wuce ta ƙofar ma'aji sai ya leƙa.

Takardu sun tafi ta hannun dillali jiya. Surukata tana ta tambayata me kika fi so, kayan zaƙi ko kayan shayi. Na ce mata kin ce kada a aiko.

Taki,
Peishan


Ganzhou, 11 ga Yuni

Peishan,

Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, bangon ɗakin Inna har ya fara tsattsafo. Ki ce wa maigidan naki ya rage gishiri.

Takardunku sun zo, kuma gara da ni ce na fara buɗe su. Hatimi bakwai, kowanne a miƙe, takarda fes, sai kwanan wata ya ce shekara ta bakwai. Shekara ta bakwai da me? Ni na san da shekarun sarautar sarkinsu suke lissafi, amma wanda zai duba a gaba ba ruwansa da sarkin kowa, ajiye ta zai yi gefe ya ɗauki ta gaba. Shi ya sa kuka ga dillali ya dawo muku da ita a guje. Gyararriyar ta iso ranar Juma'a, ta shiga layi ranar Litinin, tara ga wata. Idan ba a sami wani cikas ba, farkon Agusta za ku ji labari, kuma ko a jirgin ruwa kaya za su riske ku kafin ma'ajin ya ƙare. Na yi dariya da hoton tsohuwar nan a bakin ƙofa, ta tsaya kamar ita ce kwastan.

Nan ma abubuwa sun canza. An karɓi fasfo ɗinmu duka, an kulle a ofis, duk mai son tafiya sai ya rubuta dalili. An kawo mana sabon shugaba, Manaja Qiu, ɗan shekara talatin da biyar, ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Kullum maganarsa ɗaya, wai kuskuren mutum ɗaya zai iya sa a hana kamfanin nan gaba ɗaya fitar da kaya, mu dubu biyu mu zauna a gida. Ba ƙarya yake yi ba.

Game da tambayar surukarki, ki gode mata, ki ce ba na son kayan zaƙi, ba na son kayan shayi. Na faɗa, na sake faɗa, kada ku aiko da komai.

Ruilan


Higashi-Osaka, 15 ga Yuli

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da Gwaggo. Zafi ya sauka a nan, cikin masana'anta kamar tanda, amma hankalinmu ya ɗan kwanta. Tun da takardarki ta zo maigida ya koma cin abinci kamar mutum. Ya tara ma'aikata ya ce musu muna da 'yar'uwa a can da ta hana mu faɗawa rami. Tsoho Onoe har da share ido.

Yanzu kada ki yi faɗa. Lokacin kyautar bazara ne, kin san al'adarsu, duk wanda ya kula da kai a cikin shekara sai ka aika masa da ɗan wani abu. Likitan maigida ya samu, masu keken sun samu, har mai gyara mana wuta. Surukata ta zauna da jerin sunayenta, ta ce, “Ina adireshin yayarki?”

Na ce, “Mama, ta ce kada a aiko. Sau biyu ta faɗa.”

Ta ce, “Sau biyu? Ashe mai tarbiyya ce. Ke da kika zo gidan nan sau ɗaya kika ƙi kika miƙa hannu.”

Maigida ya yi dariya ya ce, “Wa ya taɓa cewa a aiko masa? Idan mai gyaran wuta ya samu ita ba ta samu ba, da wane ido zan dube ta?”

Gaskiya ni ma na tuna yadda Gwaggo ke ture kwandon lemu har bakin ƙofa kafin ta karɓa, na ce ai halin gidan ne. Ba wani abu ba ne, taliya ce siririya irin wadda ake ci da sanyi, a cikin kwalin katako. Na so in aika gida, surukata ta ce sam, kyautar aiki wurin aiki take zuwa, don manyanki su ga yadda baƙi ke girmama ki. Ta rubuta sunan masana'antarmu a kan marufin da hannunta, ta sa 'yar takarda a ciki mai cewa mun gode da kulawar da kike yi mana ta musamman. Ni na fassara ta da harshenmu don kowa ya iya karantawa.

Minti biyu ake dafa ta, ki tsame ki wanke da ruwan sanyi. Gwaggo za ta so ta, ba ta buƙatar haƙori.

Ƙanwarki mai godiya,
Peishan


Higashi-Osaka, 4 ga Agusta

Yaya,

Ina fatan lafiya. Shiru ya yi yawa. Gidan waya sun nuna kwalin ya isa tun ashirin da biyu ga watan jiya. Ko Gwaggo ce ba lafiya? Ko ruwan nan ya yi muku ɓarna? Ki rubuto ko layi biyu ne. Dillali ya ce bai ji komai ba tukuna. Ma'aji ya koma kwali huɗu.

Peishan


Higashi-Osaka, 14 ga Agusta

Yaya Ruilan,

Gaisuwa. Muna hutun ziyarar kaburbura, kowa ya tafi garinsu, maigida yana zaune a masana'anta shi kaɗai yana goge injin da ba shi da datti.

Dillali ya kira jiya. Ya ce lasisinmu ya fito tun shida ga wata, amma kamfaninku ya riƙe kayan, ba a faɗi dalili ba. Na wasu da suka shiga layi bayanmu har sun hau jirgi. Masu keken sun aiko mutum ya zo ya ga ma'ajinmu da idonsa, ya sha shayi, ya yi godiya, ya tafi.

Na yi ta juya abin a raina, ba na son in faɗa, amma zan faɗa. Tun da kwalin nan ya isa kika yi shiru, kuma tun daga nan kaya suka tsaya. Idan taliya ta yi kaɗan a idonki, ki fito fili ki gaya mini abin da ya dace, mu ƙara. Na san shekara shida ban neme ki ba. Amma mutum bakwai da iyalansu ba su ne suka yi miki laifi ba.

Peishan


Ganzhou, 25 ga Agusta

Peishan,

Inna lafiyarta ƙalau, ruwa bai ci gida ba. Wannan ke nan. Yanzu ki nemi wuri ki zauna.

Kwalinku ya iso ana tsakiyar aiki. Mai gadi ya kai shi ofishin Manaja Qiu, don yanzu duk abin da ya fito daga waje can yake fara zuwa. Aka kira ni. Na tarar da shi a tsaye, ga kwali a buɗe, ga sunan masana'antarku ɓaro-ɓaro, ga 'yar takardar da kika yi wahalar fassarawa.

Ya ce, “Anti Ruilan, mece ce kulawa ta musamman?”

Na ce, “Kwanan wata na gyara musu, kamar yadda nake yi wa kowa.”

Ya ce, “Kowa yana aiko miki da kwali?”

Na ce, “Taliya ce fa, Manaja. Ka dafa ka gani.”

Ya ce, “Ni ma na ga taliya ce. Wace ce ke a wurinsu?”

Nan ne aka kama ni, don ban taɓa rubuta a ko'ina cewa ina da 'yar'uwa a cikin masu sayen kayanmu ba. Ban ɗauka dangantakar kakanni ta kai a rubuta ba. Aka zazzage taliyar ɗauri-ɗauri, aka ƙwanƙwasa katakon ko akwai wani abu a ƙasa. Aka kafa mutum uku su bincika. Suka ce in kawo duk wasiƙunki, in daina ba ki amsa, kuma duk wadda ta sake zuwa in miƙa. Shirun da kika ji ke nan. Da lasisinku ya fito, kamfani ya ce ba zai saki kaya ba sai an gama da ni.

Kuma an kusa gamawa lafiya. Ɗaya daga cikin ukun ya taɓa zama a Japan, ya yi musu bayanin kyautar bazara, har aka yi dariya. Manaja Qiu ya ce in rubuta takardar ba da haƙuri a rufe magana. Sai wasiƙarki ta sha huɗu ga wata ta iso. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na ji kamar an mare ni. Na so in cusa ta a murhu, amma na riga na yi alkawari, kuma ban san ko sun san ta zo ba. Na kai. Manaja Qiu ya karanta a fili, “Ki gaya mini abin da ya dace, mu ƙara.” Ba wanda ya sake dariya.

Ashe haka kika ɗauke ni, Peishan? Ni da na wanke gawar kakarki?

Ga inda aka tsaya. An ɗauke ni daga teburina, an kai ni ɗakin ajiyar tsofaffin takardu kafin a yanke hukunci. An ba ni zaɓi biyu. Ko in tsaya in wanke kaina, a kai maganar gaba, abin da zai ɗauki wata uku ko huɗu, kayanku kuma suna kulle har a gama. Na san zan fita, don ban ci komai ba. Ko kuma in sa hannu cewa na yi sakaci, in bar ofishin fitar da kaya har abada, in yi alkawarin yanke hulɗa da ku muddin ina aiki a nan, ba wasiƙa, ba waya, ba ziyara. Idan na sa, a saki kayanku a cikin mako. Saura shekara shida in yi ritaya.

An ba ni zuwa tsakiyar watan gobe in yi tunani. An yarda in sanar da ke wannan, amsarki kuma, tunda an gama bincike, ba sai na kai ba.

Ruilan


Higashi-Osaka, 2 ga Satumba

Yaya,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Na karanta wasiƙarki a bayan masana'anta, na yi kuka har tsoho Onoe ya kashe injinsa ya fito. Laifina ne daga farko har ƙarshe. Kin faɗa sau biyu. Ni ce na san ƙasar, ni ce ya kamata in tare ƙofa, sai na zauna ina fassara. Maganar da na rubuta miki kuwa, ba ni da abin da zan ce a kanta sai ki yafe mini, in za ki iya.

Na fassara wa maigida. Da na gama ya ce, “Rubuta mata kada ta sa hannu. Mu muka jawo, mu za mu ɗauka.” Ya tashi ya shiga ciki. Surukata ta ce za ta rubuta wa manajanku takardar ban haƙuri, na ce mata idan ta sake taɓa alƙalami zan bar gidan. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Na rubuta abin da maigida ya ce. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. Kwali ɗaya da rabi ya rage, Yaya. Onoe shekararsa sittin da takwas, matarsa tana kwance, ba wanda zai ɗauke shi aiki. Akwai mai 'ya'ya uku. Maigida ya faɗi maganar mutunci, amma na san idan ƙofar nan ta rufe ba zai daɗe ba.

Shi bai san abin da ke cikin wannan ba, ya ɗauka nasa saƙon na aiko. Ina jin kunyar kaina, amma ba zan yi miki ƙarya ba. Ki sa hannu, Yaya. Na roƙe ki.

Peishan


Ganzhou, 12 ga Satumba

Ƙanwata,

Muna lafiya. Zafi ya fara sauka, Inna tana iya fita tsakar gida da sanda.

Na sa hannu tun ashirin da tara ga watan jiya, kwana huɗu kafin ki ɗauki alƙalami. Ba wani dogon tunani na yi ba. Na san adadin da injinku ke ci, na san ranar da ma'ajinku zai ƙare, aikina ke nan. Kayanku sun tashi a jirgin sama ranar Litinin, ina jin kafin wannan ta same ki sun riga ta isowa. Ku yi injinan Oktoba. Lasisin na wata shida ne, ku fara haɗa takardun sabo tun yanzu, kuma a wannan karon ba wanda zai duba muku kwanan wata.

Wasiƙarki ta zo bayan komai ya wuce. Da abin da mijinki ya faɗa kawai kika rubuto, da na yi tsaki na ce yarinyar nan ba ta da hankali, kuma da na ajiye takardar a ƙasan akwatina har in mutu. Kin zaɓi ki gaya mini gaskiya. Ban ce kin yi laifi ba, wataƙila ni ma abin da zan rubuta ke nan. Amma ta yi mini ciwo, Peishan, ta fi ta watan jiya ciwo, kuma da ba ki aiko ta ba da babu abin da zai ragu a kayanku.

Ɗakin da nake yanzu ba taga, amma ba mai damuna. Wata yarinya ce a teburina, jiya ta sauko tana tambayata yadda ake cike takardar Koriya, na nuna mata. Idan kaya sun iso, ki sa hannu a takardar karɓa da kanki. Nan ƙasa ake kawo su a jera, zan gani in san sun isa.

Wannan ita ce ta ƙarshe, ita ma bai kamata in rubuta ba. Kada ki ba da amsa, kada ki aiko ta hannun kowa. A wannan karon ki yarda da ni tun a faɗa ta farko.

Inna ba ta san komai ba. Da ta ga wasiƙu sun yawaita ta sa rai za ki zo bikin sabuwar shekara, har ta sa an wanke bargon baƙi. Shekararta tamanin da ɗaya. Na ce mata aiki ya yi miki yawa bana.

Yayarki,
Ruilan